Biljana Ta Dawo da Kwalabe Duka

Biljana: Halo? Mama?

Mama: Halo! Bilja? Kina ji na?

Biljana: Ina jin ki sama-sama. Ina wuni, Mama?

Mama: Tsaya in matsa bakin rijiya, nan gindin murhu ba ya kamawa. Yawwa. Yanzu fa?

Biljana: Yanzu ras. Ina wuni?

Mama: Lafiya lau, 'yar nan. Ya garin Nish? Ya aiki?

Biljana: Aiki da godiya. Ya gwiwar?

Mama: Tana nan inda kika bar ta.

Biljana: Kina shan maganin dai?

Mama: Ina sha in na tuna.

Biljana: Mama, ba maganin in-an-tuna ba ne. Safe da yamma na ce.

Mama: To, likita, na ji. Kin ci abinci?

Biljana: Na ci.

Mama: Me kika ci?

Biljana: Burodi da cuku.

Mama: Wannan abinci ne? Shekararki talatin da takwas, har yanzu cin ɗalibai kike yi. Sanyi ya fara a wajenku?

Biljana: Da safe kawai. Ya kajin? Ya Kawu Dragisha, ya ji sauƙi?

Mama: Ya ji sauƙi har ya koma zagin gwamnati. Kaji kuma dila ya ɗauke mini guda shekaranjiya, mai wuyan nan tsirara. Yayanki Nenad ya kira Laraba daga birnin Biyana, yana gaida ki.

Biljana: Ina amsawa. Su yaran lafiya?

Mama: Lafiya, sun yi mini magana da Jamusanci na ce musu madalla. Ba ki tambaye ni tattasai ba.

Biljana: Au, yau ne kike gashi?

Mama: Tun asuba. Kilo tamanin. Ni da matar Dragisha muka fara, ita kuma bayanta ya ƙage, na ce ta je ta kwanta. Yanzu ni kaɗai ce, ga gashi ga ɓarewa, gobe niƙa da suya. In ban tashi da wuri ba aibar ɗin bana, soyayyen tattasan nan namu na shafa wa burodi, sai Litinin zai shiga kwalba.

Biljana: Tamanin, Mama? Ai da kin jira ni.

Mama: Na jira ki yaushe? Ba kin ce kina aiki ba?

Biljana: E, ina aiki.

Mama: Duk Asabar.

Biljana: Haka suka tsara mana bana. Ma'aikata sun yi ƙaranci.

Mama: Allah sarki. Asibitin naku shiru yau kuwa. Ban ji ƙarar keken marasa lafiya ba.

Biljana: Na fito baranda ne.

Mama: Waye wannan yake dariya kusa da ke?

Biljana: Wani... mai jinya ne. Mama, kwalaben sun iso? Na ba direban bas ɗin ƙarfe biyu jiya, na ce ya ajiye a shagon bakin titi.

Mama: Me? Wa ya ji ciwo?

Biljana: Kwalabe! Na ce kwalaben sun iso?

Mama: Oho. Sun iso, ko ɗaya ba ta fashe ba. Kwali biyu. Da baro na je na ɗauko. Kin naɗe su da kyau, kowace da takardarta, kamar ƙwai.

Biljana: To madalla.

Mama: Arba'in da bakwai.

Biljana: Har ƙirgawa kika yi?

Mama: Yaushe na taɓa karɓar kwalba ban ƙirga ba? Bara ashirin na aiko miki. Arba'in da bakwai suka dawo. Har da masu murfin kore na shekarar da babanki ya kwanta. Har da babbar nan ta kakarki mai murfin gilashi, wadda shekara huɗu ina roƙon ki kina cewa kin zuba shinkafa a ciki.

Biljana: Share ɗaki na yi, na ga sun tare mini wuri.

Mama: Uhm.

Biljana: Ai kullum kina mita ba na dawo da su. Yanzu na dawo da su kuma laifi ne?

Mama: Ban ce laifi ba ne. Shinkafar ina kika kai ta?

Biljana: Na cinye.

Mama: To. Bilja, tun yaushe kike shan taba?

Biljana: Taba? Wa ya gaya miki?

Mama: Au, ashe kina sha.

Biljana: A'a, ni... Mama, wa ya ce miki ina sha?

Mama: Malama Radmila.

Biljana: Malama Radmila ina ta gan ni? Matar da rabonta da Nish tun da ta bar koyarwa.

Mama: Ba ganin ki ta yi ba, karantawa ta yi. Kin san ni ba na zubar da takarda. Da na warware kwalaben jiya, sai na zauna ina miƙar da takardun a cinya don kunna wuta. Yawanci jarida ce da tallan kanti. Can sai ga wata mai layi-layi, ta littafin makaranta, da rubutun hannunki. Ko a cikin dubu na san rubutunki, har yanzu bakwai ɗinki kamar ƙugiya. Na sa tabarau, na duba, na juya, ban gane komai ba. Na ce wannan ba yarenmu ba ne, ba kuma Jamusancin su Nenad ba.

Biljana: Wayyo Allah.

Mama: Me kika ce?

Biljana: Ba komai. Wace kwalba?

Mama: Ta kakarki. Da ita kika naɗe murfin.

Biljana: Mama, wannan tsohon shara ne kawai, ban ma lura ba na...

Mama: Ni kuwa murna na yi. Na ce ashe 'yata har rubutun ƙasashen waje take yi ban sani ba. Sai na ɗauki kwalbar zuma guda na nufi gidan Radmila, tunda shekara talatin tana koyar da Turanci a makarantar gari. Na ce, Radmila, karanta mini abin da ɗalibarki ta rubuta.

Biljana: Sai ta karanta?

Mama: Sai ta sa tabarau, ta duba, ta cire tabarau, ta goge shi da gefen riga. Ta ce, Dobrila, in dafa miki kofi? Na ce ga kofi a gabana ban ma sha rabi ba. Ta ce wai aikin gida ne irin na masu koyo. Wai akwai wani salon magana a Turanci da mutum zai tsaya a yau ya leƙa baɗi, ya faɗi abin da bai ko fara ba kamar ya riga ya gama shi. Baɗi war haka na riga na yi kaza, baɗi war haka na riga na yi kaza.

Biljana: Haka ne. Darasi ne kawai.

Mama: Na ce babu ko in Allah ya yarda a ciki? Ta ce babu. Na ce lalle Turawan nan suna da ƙarfin hali.

Biljana: Sai ta ce me na rubuta?

Mama: Wai baɗi war haka kin riga kin yi wa ɗakinki fenti. Kin rage ƙiba. Ke da iska ke ɗauka, wace ƙiba? Kin koyi iyo. Kin karanta littattafai goma. Kin daina shan taba. Tana faɗa tana kallon silin, ba takardar take kallo ba. Radmila kuwa tun muna 'yan mata in za ta yi ƙarya wuyanta ja yake yi. Jiya har kunnuwanta.

Biljana: Halo? Mama, layin yana yankewa.

Mama: Ba ya yankewa, ina bakin rijiya. Ta kai tara ta tsaya, ta ce shi ke nan. Ni kuwa ban iya Turanci ba amma na iya ƙirga, lamba goma ce a takardar. Kuma kalmar Mama a kowane yare Mama ce. Sau uku na gan ta, a takwas, a tara, a goma. Na ce, Radmila, a cikin iyo da fenti ina ni na shigo? Sai ta ce in kira ki.

Biljana: Mama...

Mama: Ban kira ki ba. Asibiti na kira da safen nan, ɗakinku na masu ciwon zuciya. Wata yarinya mai murya kamar kyanwa ta ɗauka. Na ce ina son 'yata Biljana. Ta ce, ai Inna, Biljana ba ta aikin Asabar tun watan Maris, ita ce ma ta roƙa aka musanya mata da Lahadi da dare.

Biljana: Mama, ni...

Mama: Kina nan?

Biljana: Ina nan.

Mama: Ina ne nan ɗin?

Biljana: Makarantar koyon harsuna. Hawa na biyu, saman wani kantin takalma. An ba mu hutun minti goma ne.

Mama: Mai jinyar da ke dariya fa?

Biljana: Ɗan ajinmu ne. Mai gyaran lantarki.

Mama: Tun Maris.

Biljana: Tun Maris.

Mama: Har da Asabar ɗin tuna matattu ta watan Yuni, da na ɗauki dafaffiyar alkama da kyandir na hau tudun maƙabarta ni kaɗai da gwiwar nan? Mata suna tambaya ina Biljana, ina ce musu tana can tana ceton rayuka.

Biljana: Ranar aka yi mana jarrabawar gwaji. Na yi kuka a banɗaki, Allah ya sani. Na kunna wa Baba kyandir a coci da yamma.

Mama: Kin ci jarrabawar?

Biljana: Na ci.

Mama: To ko ba komai. Takardar tana aljihun gabana. Ga ta na fito da ita. Ke za ki karanta mini, ko in shiga bas in kai wa mai kantin magani a gari?

Biljana: Ba ta hannuna ai.

Mama: Ke kika rubuta.

Biljana: Na haddace ta. A gaban aji malamar ta sa na tashi na karanta, har ta ce tawa ta fi ta kowa, babu kuskure ko ɗaya.

Mama: Ashe mai gyaran lantarki ya riga ni ji.

Biljana: Mama, don Allah. Bari in zo gobe mu zauna.

Mama: Gobe ina suya. Ɗaya.

Biljana: Ɗaya... baɗi war haka na riga na ci babbar jarrabawar Turanci.

Mama: Na sa yatsa a kai. Biyu.

Biljana: Na riga na sami takardar izinin aiki.

Mama: Aiki a ina? Akwai wata kalma a nan da babban baƙi.

Biljana: Sunan gari ne. A Ingila.

Mama: Ina? Italiya?

Biljana: Ingila, Mama.

Mama: Ingila. Bas yana zuwa?

Biljana: Sai jirgi.

Mama: Ko Biyana ce, da na ce da sauƙi. Duk Juma'a bas yana tashi daga tasha, in ba direba kwali, Asabar da rana Nenad yana shafa aibar a burodi. Jirgi ana ba matuƙi saƙo?

Biljana: Ba a bayarwa.

Mama: Uku.

Biljana: Na riga na ajiye aiki a asibiti. Huɗu, na riga na mayar wa mai gida makullinsa. Biyar, na riga na rabar da kayan ɗakina.

Mama: Wannan kam kin fara da wuri. Shida.

Biljana: Na riga na saba da ruwan sama. Bakwai... Mama, wannan wasa ne, don aji su yi dariya na sa.

Mama: Faɗi mu ma mu yi.

Biljana: Na riga na koyi shan shayi da madara.

Mama: Allah ya sawwaƙe. Takwas, ga ni na shigo.

Biljana: Na riga na sa an gyara rufin gidan Mama.

Mama: Na gode. Tara.

Biljana: Na riga na sami wadda za ta riƙa leƙa Mama kullum.

Mama: Wa?

Biljana: Ban samu ba tukuna. Na yi tunanin matar Kawu Dragisha.

Mama: Wadda take kwance yanzu da ƙagaggen baya, ni zan kai mata miya anjima? Ita ce za ta leƙa ni? To. Goma. Gajere ne wannan, kalma bakwai ko takwas.

Biljana: Mama...

Mama: Wanda Radmila ta kasa ko ƙirƙiro masa ƙarya.

Biljana: Baɗi war haka na riga na gaya wa Mama.

Mama: Uhm.

Biljana: Halo?

Mama: Shi kika sa a ƙarshe. Bayan shayi da madara.

Biljana: Shi ya fi wuya, shi ya sa. Sau nawa na zo gida da maganar a bakina. Ranar bikin Ista na biyo ki har ɗakin girki, kika juyo kika ce in riƙe miki tire, na riƙe, na fasa. Kowace Lahadi in na hau bas ɗin komawa ji nake kamar na sato wani abu daga gidan. Ba na iya barci, Mama. Shekara sha biyar ina ɗaga majinyata, bayana ya fara irin na matar Kawu, abokan aikina shida sun tafi, aikin mutum uku nake yi. In ban tafi yanzu ba, ba mai ɗauka ta nan gaba. Amma na yi wa Baba alkawari. Hannuna yana cikin nasa na ce ba zan bar ki ke kaɗai ba. Ina jin kunyarsa, ina jin kunyarki, har kabarin ma kunyar zuwa nake.

Mama: Kin gama?

Biljana: Ki yafe mini.

Mama: Ba takardar ce ta gaya mini ba, in kina son sani. Tun a shagon bakin titi na sani, da na ga kwali biyu. Mai niyyar zama ba ya dawo da kwalabe duka. Yana riƙe biyar, ya ɓoye shida, a yi ta faɗa da shi a waya har kaka ta zagayo. Yayanki satin da zai tafi haka ya kwaso mini nasa tas, wankakku, har da murafai. Daga ranar kuma shekara tara ko ɗaya ba ta sake dawowa ba.

Biljana: Ni ban yi tunanin haka ba, na rantse. Na ce dai kada su lalace a hannun mai gida.

Mama: Na sani. Hannunki ne ya riga bakinki magana. Yaushe ne?

Biljana: In na ci jarrabawar Nuwamba... Fabrairu.

Mama: To faɗa mini.

Biljana: Ai kin riga kin ji.

Mama: Na ji karatun takarda. Takardar ta ce ke za ki gaya mini. Gaya mini da yarenmu.

Biljana: Mama, zan tafi Ingila aiki. A watan Fabrairu.

Mama: In Allah ya yarda.

Biljana: In Allah ya yarda.

Mama: To ki soke lamba goma, saura tara. Tsaya, kada ki yi magana, ni ma ina da tawa. Alkawarin nan da ke hana ki barci, ba babanki ne ya nema ba.

Biljana: Kamar yaya? Da kunnena na ji shi.

Mama: Da bakinsa ya faɗa, amma ni na sa shi. Kwana uku ina masa naci. Ya ce, Dobrila, ƙyale yarinyar nan, ɗaya ya tafi, kada ki ɗaure ɗayar a ƙafar gado. Na ce in bai faɗa ba, ba zan yafe masa ba. Mutum yana kwance yana neman numfashi, ni ina tsaye a bakin ƙofa a bayanki ina masa alama da ido. Ya faɗa, kika amsa, ya juya fuskarsa bango. Har ya rasu bai sake yi mini wata doguwar magana ba.

Biljana: Mama, me ya sa ba ki taɓa...

Mama: Tsoro nake ji. Har yanzu ma ina ji, kada ki ɗauka na zama waliyyiya daga jiya zuwa yau. Ba na son ki tafi. Amma shekara biyu duk Lahadin da kika sauko daga bas da fuskar nan taki a gajiye, sai in ce a raina ni na yi wannan. Ke kina jin kunyar kabarin, ni kuwa kullum can nake zuwa ba shi haƙuri.

Biljana: Muryarki ta canza. Hayaƙin murhu ne?

Mama: Wane hayaƙi? Wuta ta mutu tun kina lamba huɗu. Kuka nake yi.

Biljana: Zan taho yanzu. Akwai bas ƙarfe biyar.

Mama: Hutun naku bai ƙare ba?

Biljana: Sun shiga tun ɗazu. Malamar tana leƙo ni ta gilashi.

Mama: To koma. Kin tsallake Asabar ɗin matattu saboda ajin nan, ba za ki tsallake shi saboda tattasai ba. Ki zo gobe bas ɗin safe, ki zo da tsohuwar riga, suya tana fantsama. Kuma ki bar tabar a Nish.

Biljana: Sau ɗaya-ɗaya ne kawai, in aiki ya...

Mama: Ban tambaye ki ba. Kilo tamanin, Bilja. Da na sani tun Maris da arba'in na saya. Wa zai cinye wannan duka kafin Fabrairu?

Biljana: Zan ci. Safe da yamma zan ci.

Mama: Kamar maganina.

Biljana: Mama...

Mama: Kwalbar kakarki zan fara cikawa. Da ita za ki tafi, ki naɗe ta a cikin rigunan sanyi, ki san yadda za ki yi da masu jirgin. In ta ƙare kada ki zuba mata shinkafa.

Biljana: Ba zan zuba ba.

Mama: Kuma ba direba zai kawo mini ita ba, ba gidan waya ba, ba ɗan wani da ya zo hutu ba. Wadda ta tafi da ita, ita za ta shigo da ita ƙofar nan. Ki rubuta wannan a lamba goma tunda wurin ya zama fili. Baɗi war haka.

Biljana: Baɗi war haka na riga na...

Mama: Ba ni za ki karanta wa ba, malamarki za ki kai wa ta duba miki kuskure. Kaji sun hau kan tattasai. Kai! Kai, ku sauka, 'yan banza!

Biljana: Mama? Halo? Mama?